Akuyar Ɗaure: Nazari a kan Ƙagaggun Labaran da Aka Ciro daga Wasannin Bamfaya na Talabijin

1.0 Gabatarwa

A ƙasar Hausa an saba ganin labari ya taso daga takarda ya koma majigi. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya zama fim a 1976 a hannun Adamu Halilu, In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino shi ma ya bi wannan hanya a shekarun 1990. A Amurka kuwa akwai wani reshe na adabin kasuwa da ke tafiya a juye. Wasan talabijin ne ke fara fitowa, in ya samu karɓuwa sai kamfani ya yi hayar marubuta su ƙaga littattafai da taurarinsa. Wannan takarda ta ɗauki rukuni guda daga ciki, wato littattafan da aka gina a kan wasannin bamfaya, domin a ga abin da ke samun labarin ban tsoro idan marubucinsa ba shi da ikon kashe kowa.

2.0 Matsalar Suna

Bamfaya a tatsuniyoyin Turai gawa ce da ta ƙi kwanciya. Da rana tana cikin akwatinta, da dare ta fito ta ciji wuyan mai rai ta sha jininsa, wanda ta ciza kuma yana iya zama irinta. Littafin Dracula na Bram Stoker, wanda ya fito a 1897, shi ya yi wa wannan halitta suturar da duniya ta san ta da ita.

Ɗalibi mai fassara yakan yi gaggawar cewa maye. Wannan kuskure ne. Maye mutum ne mai rai, yana cin tuwo yana zuwa kasuwa, kuma kurwa yake kamawa, ba ya buƙatar haƙori. Fatalwa ta fi kusa ta fuskar mutuwa, amma ba ta da jikin da za a soka wa tsinin itace a zuciya. Ɗan shan jini kuwa a bakin Bahaushen birni yana nufin ɗan ƙungiyar asiri mai neman dukiya da ran mutane. Tunda kowace kalma ta kama gefe ɗaya ta saki sauran, an zaɓi a ari kalmar a ce bamfaya.

3.0 Wasanni Uku da Littattafansu

Na farko shi ne Dark Shadows, wanda tashar ABC ta nuna daga 1966 zuwa 1971. Wasan ya fara lanƙwasa har sai da aka shigo da bamfaya mai suna Barnabas Collins a 1967, sannan ya farfaɗo. Kamfanin Paperback Library ya buga littattafai 32 a kansa, duk da sunan Marilyn Ross. Namiji ne ya rubuta su, wani ɗan Kanada da ake kira Dan Ross, wanda ya ari sunan matarsa. Littafi 32 cikin kimanin shekara shida, ba sai an faɗa ba, aikin sauri ne.

Na biyu shi ne Buffy the Vampire Slayer na Joss Whedon, daga 1997 zuwa 2003, kashi 144. Labarin wata 'yar makaranta ce a garin Sunnydale, wadda aka ɗora wa nauyin farautar bamfaya. Kamfanin Pocket Books ya fara fitar da littattafansa tun 1997, kuma Christopher Golden da Nancy Holder na cikin waɗanda suka fi rubuta su.

Na uku ya fi ɗaure kai. L. J. Smith ta fara buga The Vampire Diaries a 1991. A 2009 tashar CW ta mai da shi wasa, wanda ya kai 2017. Masu wasan suka sauya abubuwa da yawa: 'yan'uwan nan biyu, Stefan da Damon, a littafi mutanen Italiya ne na ƙarnonin baya, a talabijin kuwa suka zama 'yan jihar Bajiniya waɗanda suka rikiɗe a 1864. Daga 2010 zuwa 2012 sai aka fitar da wasu littattafai shida, Stefan's Diaries, waɗanda suka bi bayanin talabijin suka bar na uwar labarin. Wato jika ne ya yi kama da uba ya manta kaka.

4.0 Igiyar da Ke Wuyan Marubuci

Marubucin irin wannan littafi ɗan ƙodago ne. Taurarin ba nasa ba ne, garin ba nasa ba ne, sai kuma masu haƙƙin wasan sun amince kafin a buga. Sharaɗin da ya fi nauyi shi ne ya mayar da kowa inda ya ɗauko shi. In Buffy ta shiga shafin farko da ranta da ƙawayenta, haka za ta fita a shafin ƙarshe, domin mako mai zuwa masu kallo za su gan ta a talabijin.

A nan ne jigon ban tsoro yake samun rauni. Tsoro a labari yana tsayuwa ne a kan yiwuwar asara. Wasan kansa ya san haka, shi ya sa a 1998 ya kashe malama Jenny Calendar, wadda masu kallo suka shaƙu da ita, a 2001 kuma ya kashe mahaifiyar Buffy ba da haƙorin bamfaya ba, da rashin lafiya kurum, kamar yadda uwar kowa ke mutuwa. Littafin ba shi da wannan dama. Sai marubuci ya ƙirƙiro baƙin fuska, ya ba su suna da ɗan tarihi, don kawai a samu wanda za a binne. Mai karatu mai lura yakan gane su tun daga babi na biyu, kamar yadda ake gane ragon layya a tsakar gida. Abin da ya rage sai yawan faɗa da yawan dodanni, da ƙoƙarin kwaikwayon barkwancin 'yan wasa, wanda a takarda yakan fito salam ba gishiri, tunda muryar da ke ɗauke da shi ba ta nan.

Masu wayo cikin marubutan sun nemi inda igiyar ta fi tsawo, wato zamanin da ya wuce. Spike and Dru: Pretty Maids All in a Row na Christopher Golden, wanda ya fito a 2000, yana cikin mafi ƙarfin rukunin, dalili kuwa shi ne Buffy ba ta ciki. An kai labarin 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, aka ƙago wata mafarauciya 'yar Denmak mai suna Sophie, wadda marubucin ke da ikon yin yadda ya so da ita. Ya kuwa yi, Spike ya kashe ta. Amma ko shekarar ba ta ƙare ba wasan ya nuna cewa mafarauta biyun da Spike ya taɓa kashewa, ɗaya a Sin ce a 1900, ɗaya a New York a 1977. Dare ɗaya littafin ya zama ƙarya a cikin duniyar da aka rubuta shi dominta. Haka ya faru da Queen of the Slayers na Nancy Holder na 2005, wanda ya ci gaba daga inda wasan ya tsaya: a 2007 Whedon ya fara nasa ci gaban a littattafan zane, aka ture nata gefe.

Ita kanta L. J. Smith igiyar ba ta bar ta ba. Kwangilar da ta sa wa hannu tun farko ta ba kamfanin Alloy Entertainment mallakar labarin. A 2011 aka sallame ta, aka ba wani ya ci gaba da rubutu, sunanta kuma yana nan a bango. A 2014 ta koma rubuta ci gaban labarinta a wani tsari na Amazon da aka tanada don masu sha'awa, tamkar baƙuwa a gidan da ta gina. Ta rasu a 2025. Marubutan adabin kasuwar Kano, da duk kukan da suke yi da 'yan kasuwar littafi, galibinsu su ke buga abinsu, kuma in sun ga dama su kashe tauraro a littafi na uku ba mai hana su.

5.0 Bakin Ƙofa: Karatu daga Zango

Akwai ƙa'ida guda da ta taso tun daga Stoker, ta ratsa Buffy da The Vampire Diaries da littattafansu: bamfaya ba ya shiga gida sai wani na gidan ya ce masa ya shigo. Wannan ita ce mafi kyawun dabara a cikin rukunin duka, kuma ita ce ta fi dacewa da takarda, domin magana ce ba faɗa ba. Kalma ɗaya daga bakin mai gida ta isa ta hallaka iyali.

Yana da kyau a auna ta da idon Bahaushen Togo. Ɗalibi daga Sokode ko Dapaong, inda Faransanci ne harshen makaranta, in ya ci karo da wasan zai gan shi da sunan Buffy contre les vampires, littattafan kuma kamfanin Fleuve Noir ya fassara su a Faransa. Amma tarbiyyar da zai karanta su da ita ta zango ce. Sokode, garin Kotokoli masu harshen Tem, tana kan tsohuwar hanyar fataken goro da ke haɗa ƙasar Hausa da Gwanja, kuma unguwar Didawure ta Musulmi 'yan kasuwa daga wannan fatauci ta samo tushe. Dapaong tana can arewa a ƙasar Moba, kusa da iyakar Burkina Faso, gaba da Sansanne Mango wadda ko sunanta yana ɗauke da kalmar sansani. Zango kuwa an kafa shi ne a kan saukar baƙo: mai gida ya ba falke masauki, ya tsaya masa a ciniki, ya lamunce shi a gaban mutanen gari. Wanda ya tashi a irin wannan unguwa, inda ake cewa baƙonka Annabinka, zai ji nauyin ƙa'idar gayyata fiye da yaron Kalifoniya, saboda abin da labarin ke hukuntawa shi ne amsa sallama.

Ga kuma inda hanya ta rabu. Tsoron bamfaya tsoron na waje ne, na Bahaushe kuwa na cikin gida ne. Mayya ba ta jiran a ce ta shigo, tana ciki tun tuni: kishiya ce, ko maƙwabciya, ko tsohuwar da ke ba yara gyaɗa. An ce a nono ake shan maita, don haka zargi ɗaya yakan shafi zuriya, ya hana 'ya'ya mata aure. Kuma ba a almara abin ya tsaya ba, domin an sha dukan tsofaffi marasa gata, har da kisa, a kan zargin da ba mai iya tabbatarwa. Marubucin Hausa da ya ɗauki wannan jigo yana riƙe da abin da marubucin Buffy bai taɓa samu ba, wato labarin da kowa a cikinsa zai iya yin asara, har da wadda ake zargi. Haɗarinsa shi ma daban ne. Ba wanda ya taɓa jifan maƙwabcinsa don ya karanta Stefan's Diaries, amma littafin da ya nuna cewa zargin maita kullum gaskiya ne, za a karanta shi a gidan da akwai wata tsohuwa da ake yi wa kallon gefen ido.