Nasiha Ga Samarinmu Game Da Sigarin Batir

Duk wanda ya san kasuwancin ƙasar nan ya san babu wani sabon abu da zai sauka Kano ko Maraɗi, mai amfani ne ko marar amfani, face ya biyo kwalta ya iso Cadawa da Agye da Gazawa ta gabas, ya kuma ratsa Tibiri ya kai Gidan Runji ta yamma, domin fatake da 'yan ci-rani ba sa komowa hannu rabbana, kuma abin da ba su ƙunso cikin jaka ba, salula ta riga ta kawo hotonsa tun ba su taso ba. Ta wannan hanya shisha ta shiga fadojin samari, iyaye ba su farga ba sai da ƙamshinta ya cika unguwa. Ta wannan hanya kuma sigarin batir yake tafe, tare da majigin wasu gwanaye na ƙasashen Turai da Amurka waɗanda ke koya wa sabon shiga yadda zai naɗa waya da hannunsa, ya cusa auduga, ya zaɓi batir, ya fitar da tururi kamar hadari. Ra'ayina a kan wannan al'amari shi ne, abin sana'a ce ta gaske mai lissafi da sharuɗɗa, amma sharuɗɗan da ke tsare mai yinta daga halaka akasarinsu babu su a garuruwanmu, saboda haka wajibi ne a faɗa wa yaranmu haƙiƙarsa tun bai zama ruwan dare ba.

Taba dai ba baƙuwa ba ce a gare mu. An daɗe ana nomanta a fadamun Gulbin Maraɗi, tsofaffi suna cin garinta da kanwa, wasu suna zuƙarta a lofe, mata kuma suna rina haƙora da furenta da goro. Haka nan saɓanin malamai a kanta ya girmi kakannin kakanninmu. Shaihu Ahmad Baba na Tumbutu ya rubuta fatawa wajen shekarar 1607, yana gab da komowa gida daga zaman Marrakish, inda ya karkata ga halascinta matuƙar ba ta gusar da hankali. A Masar kuwa manyan Malikawa biyu suka rabu, Shaihu Ibrahim al-Laƙƙani ya hana, Shaihu Ali al-Ujhuri ya sauƙaƙa. Bayan ƙarni biyu Shehu Ahmadu na Masina ya haramta ta a daularsa ta Hamdallahi. Dukansu mujtahidai ne masu tsoron Allah, kuma kowa ya yi hukunci gwargwadon abin da zamaninsa ya sani, alhali a lokacin babu likitan da ya tabbatar da alaƙar hayaƙinta da ciwon dajin huhu. Darasin da ke cikin wannan tarihi shi ne ƙa'idar da malaman usulu suka kafa, cewa ba a yanke wa abu hukunci sai an fahimci yadda yake. To, bari mu fahimci wannan.

Wani mai haɗa magunguna ɗan ƙasar Sin, Hon Lik, wanda shi kansa mashayin sigari ne kuma ciwon dajin huhu ya kashe mahaifinsa, shi ya ƙago sigarin batir irin na zamani a shekarar 2003, aka fara sayar da shi a 2004, kuma har yau mafi yawansa daga masana'antun birnin Shenzhen yake fitowa. Aikinsa ya yi kama da na fitilar kananzir, sai dai babu harshen wuta: akwai lagwani na auduga mai tsotso ruwa, akwai siririyar waya da aka naɗe ta kewaye lagwanin, akwai kuma batir da ke tura lantarki cikin wayar har ta yi zafi ta mai da ruwan tururi. Ruwan nan haɗi ne na gilisarin, da wani sinadari mai suna furofilin gilaikol, da kayan ƙamshi irin na mangwaro ko na'ana'a, da kuma nikotin, wato ainihin gubar da ke cikin ganyen taba wadda ke ɗaure mashayi ya kasa bari.

Akwai wanda ake zuƙa a yar idan ya ƙare, akwai wanda ake sake cikawa, sannan akwai na gwanaye, wanda a kansa nake son in tsaya. Shi wannan akwati ne ɗan ƙarami mai ɗaki biyu, ɗaya na batir, ɗaya na wata 'yar gora ta roba mai laushi, wadda idan aka matsa ta da yatsa sai ruwa ya hau ta cikin wani ƙarfe mai rami ya jiƙa audugar daga ƙasa, idan aka saki kuma ragowar ya koma cikin gorar. Mai shi ne ke buɗe kan, ya yanko waya ta Kanthal ko ta baƙin ƙarfe marar tsatsa, ya naɗa ta a jikin ɗan sanda sau biyar ko shida, ya ɗaure ƙafafunta da sukurori, ya zura auduga daidai wa daida, don idan ta yi yawa ruwa ba ya ratsawa, idan ta yi kaɗan kuma ya yi ambaliya. Ba na musun cewa akwai fasaha a nan, da natsuwa, da daɗin da mai aikin hannu ke ji idan abin da ya ƙera ya yi kyau. Sai dai da yawa daga waɗannan akwatuna, musamman waɗanda gwanayen suka fi yabo, ba su da wata na'ura mai tsaro a ciki. Tsakanin batir da waya babu komai sai maɓalli, kuma tsakanin mai zuƙa da musiba babu komai sai iliminsa.

Ilimin kuwa hisabi ne wanda Bajamushe Georg Ohm ya bayyana tun 1827: yawan lantarkin da waya za ta ja daga batir shi ne ƙarfin batir a raba shi da taurin wayar. Batirin da aka fi sakawa shi ne mai lamba 18650, kaurinsa milimita 18, tsawonsa 65, kuma idan ya cika caji ƙarfinsa bolt 4.2 ne. Wanda ya naɗa waya mai taurin rabin om zai ja amfiya 8 da 'yan kai, wanda nagartaccen batir ke ɗauka ba wahala. Wanda ya sauko zuwa om 0.2 don neman tururi mai yawa ya kai amfiya 21, ya riga ya ƙetare haddin batura da yawa na kirki, waɗanda iyakarsu 20 ce. Wanda kuma ya sauko zuwa 0.1, ko ya bar ƙafar waya ta taɓa murfi ba da saninsa ba, ya nemi amfiya 42 ko fiye, kuma batirin litiyom idan aka ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa zafi yake yi daga ciki, zafin ya haifi wani zafin, har ya fesa wuta ko ya tarwatse, alhali yana cikin akwatin ƙarfe kusa da baki da idanu. Hukumar kashe gobara ta Amurka ta ƙidaya fashewa da gobara 195 na irin waɗannan na'urori tsakanin 2009 da 2016, kuma a watan Mayu na 2018 wani mutum a jihar Fulorida ya rasa ransa da ɓaraguzan irin wannan akwati marar tsaro suka shige masa kai.

Wannan fa ya auku ne a ƙasar da ake samun batir na asali da ma'aunin om a kowane kanti. Mu dubi namu hali da adalci. Kamfanonin da ke ƙera waɗannan batura, irin su Samsung da LG, sun sha yin gargaɗi cewa ba su yi su don a riƙa ɗaukarsu tsirara ana sakawa a sigari ba, kuma ƙa'idarsu ita ce kada a yi musu caji a zafin da ya wuce digiri 45, alhali a watannin Afrilu da Mayu inuwa ma a Agye tana wuce 40, balle ƙarƙashin sirdin babur ɗin ɗan kabu-kabu da ya yini a rana, balle rumfar kwano ta mai cajin salula inda ake jera wayoyi bisa janareto. Baturan da ke yawo a kasuwanninmu wasu an ciro su ne daga matattun kwamfutoci an sake musu riga, wasu kuma jabu ne da aka rubuta musu 9900 a jiki, alhali na gaskiya mai wannan girma ba ya wuce wajen 3500 a ma'aunin ɗaukar caji, kuma nauyinsa kusan giram 45 ne, na jabu kuwa shafal yake a hannu. Ga kuma aljihun saurayi cike da makulli da tsabar dala, waɗanda idan suka haɗa kan batir da gindinsa, ko suka taɓa inda rigarsa ta yage, cinya ce ke ƙonewa. Wanda hakan ta same shi a wani ƙauye na Gangara ko Cadakori, tafiyar da ke tsakaninsa da likitan da zai iya da ƙuna mai zurfi ba ƙarama ba ce.

Ruwan ma yana da tasa fitinar. Tarayyar Turai ta iyakance nikotin ga miligiram 20 a kowace mililita, amma kwalbar da ta ratso iyaka ba tare da wani ya auna ta ba, babu mai iya rantsuwa a kan abin da ke cikinta. A 2019 wata cutar huhu ta ɓulla a Amurka, ta kwantar da mutum 2,807 a asibiti, ta kashe 68 zuwa Fabrairun 2020, kuma bincike ya gano cewa akasari ruwan bayan fage ne na tabar wiwi da aka gauraya da wani mai. Auduga idan ta bushe aka ci gaba da zuƙa, ƙonewa take yi ta fitar da sinadarai masu cin maƙogwaro. Abin da ya fi tayar mini da hankali kuwa shi ne gidajenmu masu yawan yara, inda kwalba mai ƙamshin alewa za ta iya faɗawa hannun ɗan shekara biyu, alhali kurɓi kaɗan na ruwa mai ƙarfin nikotin ya isa ya halaka shi.

Adalci ya wajabta in kawo hujjar masu kare shi, domin ba ta wofi ba ce. Hukumomin lafiya na Ingila sun daɗe suna cewa tururin ya fi hayaƙin sigari sauƙin cuta nesa ba kusa ba, saboda babu ƙonewar ganye da kwaltarta, kuma gwaje-gwajen likitoci sun nuna yana taimakon wasu mashaya su bari. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta fi jin tsoron yadda yake kama yaran da ba su taɓa shan taba ba. Indiya ta haramta shi gaba ɗaya a 2019, Faransa da Ingila kuma suka hana wanda ake zuƙa a yar a 2025. A fahimtata maganganun biyu ba sa karo, domin ɗaukar mafi sauƙin cuta biyu rangwame ne ga wanda ya riga ya faɗa cikin babbar, ba izini ba ne ga lafiyayye ya je ya nemo ƙaramar.

Saboda haka, ya kai ɗan'uwa da sigari ya riga ya kama, fara da neman shawarar likita da ƙudurin bari gaba ɗaya, watan azumi kuma shaida ne a kanka cewa kana iyawa. Idan har ka zaɓi wannan hanya a matsayin tsani, to ka nisanci akwatin da ba shi da na'urar tsaro, ka nemi wanda ke yanke wuta da kansa idan waya ta sami matsala. Kada ka naɗa waya sai kana da ma'auni kuma ka iya hisabin da na ambata. Kada ka sa batir mai yagaggiyar riga ko lotsattsen jiki. Ka ajiye shi cikin gidansa na roba, a inuwa. Kada ka bar shi a caji ka kwanta barci. Ka kulle ruwan inda yaro ba ya kaiwa. Kuma ka riƙa rage nikotin har ka rabu da duka biyun, don wanda ke zuƙar wannan da rana ya kunna wancan da dare bai tsira daga komai ba.

Kai kuwa saurayin da huhunka ke lafiya, babu wata maslaha a gare ka cikin wannan abu ko kaɗan. Shari'a ta zo ne don kiyaye rai da hankali da dukiya, kuma kuɗin ayar da aka haƙa da guminka a gonakin Cadawa, ko na gyaɗa da wake, idan suka tafi ga sayen auduga da ruwan ƙamshi daga wata nahiya, israfi ne bayyananne, ga kuma sarƙar nikotin da za ka sa wa wuyanka da hannunka. Idan abin da ya burge ka shi ne waya da batir da hisabi, to madalla, wannan ilimin shi ne dai wanda ake bukata wajen haɗa faifan hasken rana da famfon rijiya da gyaran salula, kuma ƙauyukanmu suna neman mai wannan sani ido rufe.

Nijar ta amince da yarjejeniyar duniya ta yaƙi da taba a 2005, ta kuma kafa dokarta ranar 15 ga Mayu 2006, a lokacin da wannan na'ura ba ta ko iso Afirka ta Yamma ba. Ina roƙon mahukunta su faɗaɗa dokar ta ambace shi da sunansa, su hana sayar wa yara, su sa ido kan batura da ruwan da ke shigowa ta iyaka. Ina roƙon sarakunanmu da limamai da malaman makaranta su nemi sanin abin kafin su yi wa'azi a kansa, domin saurayi ba ya sauraron wanda ya ga bai san abin da yake hanawa ba. Iyaye kuma su riƙa duba abin da ke hannun 'ya'yansu, don wani irinsa da alƙalami yake kama. Rigakafi ya fi magani, kuma lokacinsa yanzu ne. Allah ya tsare mana zuriya, ya sa mu dace.