Littafin da ake rubutawa a gaban mai karatu

A shekarun 1990, lokacin da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da Allura Cikin Ruwa na Bilkisu Funtuwa suke tashe, hanyar littafin Hausa sananniya ce. Marubuci ya kai rubutunsa maɗaba'a da kuɗin aljihunsa, dillalan Kasuwar Sabon Gari ta Kano su sara, masu shagon haya su watsa shi unguwanni. Ko da kashi-kashi aka buga, kowane kashi ya riga ya bar hannun mai shi kafin idon mai karatu ya sauka a kansa.

Wayar hannu ta rushe wannan tazarar. Yau marubuciya (har yanzu mata ne suka fi yawa a harkar) da yatsa take buga labarinta, ta tura shafi ɗaya ko biyu a zauren WhatsApp ko a Wattpad. Shafukan farko kyauta ne, ɗanɗano. Daidai inda labari ya ɗau zafi sai ta ja birki, ta ajiye lambar asusu. Wadda ta tura kuɗi ko katin waya tare da shaidar biya, ita za a saka a zauren masu biya.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina ba cinikin ba ne, yadda mai karatu ya shigo cikin rubutun ne. Kafin gari ya waye an yi wa shafin jiya caa: wannan ta ce lallai a wulaƙanta kishiyar, waccan ta rantse in aka kashe jarumin ta bar karantawa. Marubuciyar kuwa ba ta rubuta shafin gobe ba tukuna, kuma waɗannan mutanen su ne kasuwarta. Haka labari ke karkata inda aka fi ihu, a yi ta jan sa ana ƙaro makirci bayan ya kamata a ce ya ƙare. Ta wani ɓangaren abin ya fi kama da tatsuniya a dandali, inda mai bayarwa ke kallon fuskokin masu saurare, kuma daga nan ne zafin hira da saurin labarin suke samuwa. Sai dai babu mai tacewa a tsakani. Ƙa'idar rubutu ta sha kashi, ɓ da ɗ da ƙ sun ɓace, Ingilishi yana kutsowa tsakiyar jimla ba sallama.

Ga kuma sata. Littafin kuɗi kan fita waje cikin sa'o'i, wasu su karanta shi a YouTube ba izini, shi ya sa za ka ga Allah ya isa a saman shafi tun kafin sunan babi.

A 2007 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta ƙona littattafan soyayya a Kano ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, amma har yau ana samun kwafinsu a akwatunan mata da ɗakunan karatu na jami'o'i. Na waya ba ya buƙatar ashana. Waya ta lalace, zaure ya watse, ko manhaja ta rufe, kamar yadda OkadaBooks, inda marubutan Hausa da dama suke sayar da littattafansu, ta rufe a ƙarshen 2023, shi ke nan littafi ya ɓace. Ɗalibin da zai yi nazarin adabin wannan zamani nan da shekara ashirin, sai dai ya bi marubutan ɗaya bayan ɗaya yana tambaya ko sun ajiye kwafi.