Yanka da Rabo a Ƙamusun Oxford na Maƙwabtakar Kalmomi

Tun a 1957 masanin harshen nan na Ingila, J. R. Firth, ya jawo hankali ga cewa kowace kalma tana da abokan zamanta, kuma ba a gama saninta sai an san su. A kan wannan harsashi aka gina Oxford Collocations Dictionary, wanda ya fara fitowa a 2002. Tsarinsa shi ne a kawo suna, sa'an nan a jera sifofi da aikatau waɗanda suka saba tafiya da shi.

Amfanin tsarin ya fi bayyana wajen yankan abinci. Bahaushe yakan yanka albasa, ya yanka burodi, ya yanka rago, duk da aikatau guda. Bature kuwa burodi "slice" yake yi masa, watau ya fitar da shi falle-falle. Albasa "chop", a yayyanka ta ƙanana. Nama in za a niƙa shi "mince". Rago bai shiga wannan sahu ba ko kaɗan, nasa "slaughter" ne, kuma ɗalibin da ya rubuta "cut the ram" a jarrabawa zai yi asarar maki alhali nahawunsa bai karye ba. A nan ƙamusun ya yi rawar gani.

Sai dai jerin kalmomi ba ya koyar da al'adar da ta haife su. A ɗauki "carve". Wannan aikin dafaffen nama ne, wanda aka gasa dunƙule guda aka kawo kan tebur ran Lahadi ko ran Kirsimeti, wani ya tsaya da doguwar wuƙa yana fitar wa kowa nasa. Mai karatun da bai san wannan zama ba zai ɗauka mahaucin da ke saran ɗanyen nama a kasuwa ma abin da yake yi ke nan.

Wajen rabo giɓin ya fi faɗi, domin a nan kuskure yana taɓa haƙƙin mutane. "Equal share" irin kason watanda ne, kowa tsibinsa daidai da na ɗan'uwansa. "Fair share" kuwa abin da ya cancanci mutum ne, ko da ya gaza na wani. "Lion's share" daga tatsuniyoyin Isof na Girka ya fito, inda zaki ya haɗiye farautar baki ɗaya, amma yau kaso mafi tsoka kawai ake nufi. Ita kanta "cut", in ta zama suna, tana iya nufin la'adar dillali ko kason ɓarawo, don haka ba kalmar da za a faɗa wa magada ba ce. Akwai kuma "share out", a rarraba wa jama'a, da "share with", a ci tare da wani, waɗanda Ingilishin Nijeriya yakan haɗe su a "share" kurum, har malamai ma su wuce ba su yi musu jan biro ba.