Muryar Wa Ke Bayan Hoto? Nazari a Kan Fim ɗin Gaskiya da Ɗaliban Ƙasar Gumel

Wayar hannu ta sanya kyamara a aljihun ɗalibi. A Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, ƙananan hukumomi huɗun da ke ƙarƙashin masarautar Gumel, ɗalibin da ya yi niyyar shirya fim ɗin gaskiya a kan al'ummarsa ba zai rasa abin ɗauka ba. Mangawa ne suka kafa masarautar, Hausawa da Fulani suna zaune a cikinta, kuma kowace Alhamis kasuwar Maigatari tana tara fatake da dabbobi daga Nijar. Tambayar da wannan nazari ya ɗauko ita ce: idan aka nuna waɗannan fuskoki, muryar wa ke magana a bayan hoton?

Zan nemi amsa a ayyukan Jean Rouch, Bafaranshen da ya shafe shekaru yana ɗaukar mutanen Nijar. Fim ɗinsa Les Maîtres fous na 1955 ya nuna 'yan ci-ranin Nijar a Ankara suna hawan iskokin Hauka, suna kwaikwayon gwamna da sojojin Turawa. Da aka haska shi a Faris, ɗaliban Afirka suka fusata. A ganina suna da hujja. Hotunan gaskiya ne, amma daga farko har ƙarshe Rouch ne ke fassara su, waɗanda aka ɗauka kuwa ba a bar su sun bayyana kansu ba. Shi ya sa Ousmane Sembène na Senegal ya zarge shi da kallon 'yan Afirka kamar yadda masani ke kallon ƙwari.

A Moi, un noir na 1958 salon ya sauya. Rouch ya ɗauki matasan Nijar masu dako a Abijan, sannan ya bar ɗaya daga cikinsu, Oumarou Ganda, ya ɗora maganarsa a kan hoton. Nan take ɗan dako ya zama mutum mai buri da takaici da barkwanci. Ganda bai tsaya nan ba. Ya karɓi kyamarar da kansa, har fim ɗinsa Le Wazzou polygame ya lashe babbar kyautar bikin FESPACO a Wagadugu a 1972.

Akwai kuma darasin Ayorou. Rouch ya koma ya haska wa masu farautar dorina fim ɗin da ya ɗauke su, sai suka ƙi amincewa da kiɗan da ya sa, domin a wurinsu kiɗa yana ƙara wa dorina ƙarfin zuciya. Ya karɓi gyaran. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ɗalibin Gumel zai iya cewa wannan matsalar Bature ce, shi ɗan gida ne. Ban yarda ba. Ɗan birni da ya ɗauki rugar Fulani a dajin Sule Tankarkar, ya ɗora sharhinsa da Hausa ko Turanci, makiyayin bai furta kalmar Fulatanci ko ɗaya ba, ya maimaita kuskuren 1955 ne da baƙar fata. A yankin da saɓanin manoma da makiyaya kan kai ga asarar rai, irin wannan fim na iya hura wutar da aka shirya shi don kashewa.

Saboda haka ma'aunina ga aikin ɗalibi biyu ne. Na farko, a bar wanda aka ɗauka ya yi magana da harshensa, a fassara masa a ƙasan hoto. Na biyu, kafin a ɗora fim a Facebook ko a kai shi gaban malamai, a fara haska shi a rugar ko unguwar da aka ɗauke shi. Idan mutanen wurin suka gane kansu a ciki, fim ɗin ya cancanci a kira shi na gaskiya.