Tambari a Kusurwar Akwati: Nazari kan Alamomin Gidajen Talabijin da Suka Ɗauko Mana Darasi

Kalmar tambari tsohuwa ce a bakin Bahaushe. Asalinta sunan gangar sarauta ce, wadda ba a buga wa kowa sai sarki, ta yadda duk wanda ya ji amonta daga nesa ya san mai gari ne ya fito. Daga baya aka ari kalmar aka ba hatimin ofis da alamar kamfani, har ta kai ga 'yar alamar nan da ke maƙale a kusurwar akwatin talabijin. A tawa fahimtar, aron ya dace, domin aikinsu ɗaya ne, wato shaida wa jama'a mai abu. Na shafe shekaru masu yawa ina koyarwa a makarantun firamare na ƙasar Buji, kuma na lura cewa kafin yaro ya iya karanta sunansa a rajista, ya riga ya haddace haruffan da ke wannan kusurwa. Abin da yaro ke fara karantawa kuwa ya cancanci malamai su tsaya su dube shi.

Da farko ya kamata mai karatu ya san cewa a Arewa darasin talabijin ya daɗe yana zaman haya. Gidan talabijin na farko a Nijeriya shi ne WNTV na Ibadan, wanda aka buɗe a watan Oktoba 1959, kuma ilmantarwa na cikin manyan hujjojin da aka bayar na kafa shi. Gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe nata a Kaduna a 1962, wanda aka sani da RKTV, inda sashen watsa shirye-shiryen makarantu ya riƙa samun 'yan sa'o'i. A 1977 aka kafa Cibiyar Fasahar Koyarwa ta Ƙasa a Kaduna domin shirya irin waɗannan darussa, cibiyar da daga baya aka miƙa wa Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa. Amma ita cibiyar tana shirya darasi ne kawai, sai ta kai wa mai tasha ya watsa. Saboda haka tambarin da ɗalibi ya gani a kan darasinsa na mai gidan hayar ne. Wannan shi ne tushen duk abin da zan faɗa a nan.

A wancan zamani ma babu tambari a kusurwa. Tasha takan buɗe da yamma. Kafin lokacin sai ka ga zanen gwaji a tsaye, sannan a nuna sunan tasha ya cika fuskar akwati, a buga taken ƙasa, a shiga shiri. Da zarar an fara, suna ya kauce ya bar wa mai magana fili. Ni a Birnin Kudu na fara ganin haka, a wani gida da muke taruwa bayan magariba, kuma har yau ina ganin wannan tsari ya fi kusa da ladabin Bahaushe: baƙo ya yi sallama, ya faɗi sunansa sau ɗaya, ya zauna. Maƙala alama dindindin a kusurwa ya yaɗu ne a shekarun 1990, lokacin da tashoshin tauraron ɗan'adam suka yawaita, kuma Doka ta 38 ta 1992 ta ba 'yan kasuwa damar buɗe tashoshi. Da tashoshi suka yi yawa, sai kowace ta ji tsoron kada mai kallo ya manta inda yake, ko wani ya naɗi shirinta a kaset ya sayar.

Sauyi na farko mai girma ya zo da Doka ta 24 ta 1977, wadda ta tattara dukkan gidajen talabijin na ƙasar nan ƙarƙashin hukuma guda. Sunayen yankuna suka ɓace, aka koma NTV, daga baya NTA, sai a ɗora sunan gari a gefe. Ba a daɗe da gama yaƙin basasa ba, kuma an ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta a 1976, don haka ana iya fahimtar dalilin gwamnatin soja na son kowane yaro daga Sakkwato zuwa Kalaba ya ga alama ɗaya. Ban ga laifin wannan niyya ba. Illa dai alamar ta nuna wa mutumin ƙauye cewa maganar daga Ikko take fitowa, shi nasa sauraro.

Tambarin da na fi daɗewa ina tunani a kansa shi ne na CTV 67. Tsarin mulkin 1979 ya maido wa jihohi ikon mallakar tasha, sai gwamnatin Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi ta kafa wannan gida a Kano a farkon shekarun 1980, lokacin da mu ma mutanen Buji muke cikin Jihar Kano. Gwamnatin ce kuma ta kafa Hukumar Ilimin Manya a 1980, don haka tashar ta tashi ne a cikin iskar yaƙi da jahilci. Abin da ya burge ni game da sunan shi ne lambar nan. Lamba 67 ita ce zangon da ake kama tashar, wato sunan da kansa yana gaya maka inda za ka murɗa akwatinka. Tsohon da bai yi boko ba yana iya gane 6 da 7, domin yana ganinsu a jikin kuɗi da motoci. A duk tambarorin da suka ratsa ta gabanmu, wannan ne kaɗai na ga yana yi wa mai kallo wani aiki, bayan tallar mai shi. Na taɓa tambayar 'yan aji shida ma'anar lambar, sai wani yaro ya ce shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Kano ce, 1967. Bai dace da amsar ba, amma na ba shi maki, domin lambar ta sa shi tuna tarihi.

Sai dai haruffan ukun suna da matsala wadda malamin aji ɗaya da biyu ne kawai zai ji zafinta. Da safe ina koya wa yaro cewa harafin C shi ne na ciki da cinya da cokali. Da dare akwati ya ce masa sunan harafin "si". Harafin V kuwa babu shi sam a abacadar Hausa, shi ya sa jama'a suka daidaita shi da bakinsu suka ce "Sitibi". Haka NTA: harafin ƙarshe, wanda na koyar a matsayin wasalin abinci da ado, ana kiransa da sautin da ya yi kama da wasalin E. Wani zai ce wannan ƙaramin abu ne. To, wanda ya taɓa tsayawa gaban yara sittin yana fama da baƙi da wasali ya san cewa ruɗani ɗaya kan ci mako guda. Tashoshin da yawancin masu kallonsu Hausawa ne, kuma wasanninsu na kwaikwayo da Hausa ake yi, sun zaɓi su sa hannu da taƙaitaccen Ingilishi. Wannan al'ada ta ci gaba bayan an ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta 1991: muka samu NTA Dutse, muka samu JTV, duk a kan tsari guda. Sai a 2014 da tashar Arewa24 ta fito na ga yaran ƙauye suna karanta sunan tasha da sautin da aka koya musu a aji, ita kuwa ba ta gwamnati ba ce.

Bayan rasuwar Rimi a 2010, Allah ya jiƙansa, gwamnatin Kano ta sauya wa tashar suna zuwa ARTV domin tunawa da shi. Karramawa ce da ta dace da wanda ya kafa ta. Lambar kuwa ko da an bar ta, zamani ya riga ya kashe amfaninta, tunda yanzu ta dikoda ake kama tashoshi, kowane kamfani da jerin lambobinsa. Amma a lura da inda tafiyar ta nufa: daga sunan yanki zuwa sunan ƙasa, daga lambar mai kallo zuwa sunan shugaba. Maƙwabtanmu na Nijar sun bi irin wannan hanya. Talabijin ɗinsu ya fara ne a 1964 a matsayin talabijin na makarantu zalla, da taimakon Faransa, ana koyar da yaran firamare ta akwati. A 1979 aka mai da shi gidan talabijin na ƙasa mai suna Télé Sahel, kalmar makaranta ta fita daga sunan. A Nijeriya an samu tasha mai ɗauke da sunan ilimi, wato NTA Knowledge, amma tana cikin tashoshin dikoda, abin da ba kowane gida a Gantsa ke da shi ba, balle ƙauyukan da ke bayanta.

A 2020, da annobar korona ta sa aka rufe makarantu, jihohi da dama suka koma ba da darasi ta rediyo da talabijin. Na zauna da jikokina muna kallon wani darasin lissafi a wata tasha da ba zan kama sunanta ba. Malamar ta iya aikinta. Tana raba lamba mai tsawo, tana rubuta amsa a saman allo ta hannun dama, daidai inda tambarin tashar yake juyawa yana walƙiya. A ƙasa kuma ga rubutu yana gudu, na sanarwa da gaisuwa. Lambobi biyu na ƙarshe na amsar ba mu gan su ba har aka gama. Babbar jikata ta tashi ta leƙa ta gefen akwatin, wai ko za ta hango su ta bayan alamar. Gyaran ba ya bukatar kuɗi: a rage girman tambari a lokacin darasi, a tsayar da shi cik, a ɗauke rubutun ƙasa, a kuma gaya wa malami kusurwar da zai bari kafin a fara ɗauka.

Saura maganar adanawa, wadda ta shafi wannan Hukuma kai tsaye. Zanen shanun da mutanen da suka yi a Dutsen Mesa da Dutsen Habude na Birnin Kudu yana nan, gwamnati na kula da shi, ɗalibai na zuwa gani. Alamomin da aka nuna wa miliyoyin mutane shekaru arba'in kacal da suka wuce kuwa, duk lokacin da aka yi sabuwa sai a watsar da tsohuwa, kaset ɗin ma a naɗi wani shiri a kansa. Abin da ya rage yana warwatse a kan tsofaffin takardun ofis, da kalandu, da katin shaidar ma'aikatan da suka yi ritaya, da kaset-kaset na bidiyo da mutane suka naɗa a gida. Ina roƙon Hukuma ta nemi waɗannan, ta ɗauki hotonsu, ta rubuta shekarar kowanne daga bakin waɗanda suka yi aiki da su tun suna raye. Ni ina da kaset guda na wani shirin kacici-kacici na 'yan makaranta, yana cikin adaka, farin ƙura ya fara cin gefensa, kuma na'urar da za ta kunna shi ta daɗe da lalacewa. Duk ranar da aka aiko, zan bayar.