Ina Rawanin Uwar Serena?

'Yan'uwana mata, fim ɗin King Richard na 2021 ya burge ni, amma fa ina da ƙorafi. Labarin ƙuruciyar Serena Williams ne da yayarta Venus, 'yan wasan tanis na Amurka. Serena ta ci manyan kofuna 23 kafin ta ajiye wasa a 2022. Uwarsu Oracene Price ma'aikaciyar jinya ce, tana nemo na cefane, kuma ita ma ta horar da su. Fim ɗin ya nuna wahalarta, amma tun daga sunansa uban aka naɗa sarki. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi! Mu ma a Wudil haka ne: yarinya ta yi abin kirki, 'yar Malam ce, ta lalace, laifin uwa ne.