Masu Karanta Ƙashi

Mahaucin kasuwar Sabon Gari ba sai an gaya masa wannan ƙashin akuya ne ko na tunkiya ba. Ya ɗaga ya juya, shi ke nan. Irin wannan idon ake horarwa a Samaru, a Jami'ar Ahmadu Bello, inda ake koyar da ilimin sassan jikin ɗan Adam da na tono kayan tarihi.

Miƙa wa gwani ƙoƙon kai ka sha kallo. Fuskar ba ta gabansa, kifar da shi zai yi. A ƙasan ƙoƙon akwai rami inda laka ke bi ta sauka cikin ƙashin baya. A mutum, ramin ya matso tsakiya, domin kai zaune yake daram bisa wuya. A birin cimfanzi, irin wanda har yau ake samu a dajin Gashaka Gumti, ramin ya ja baya, saboda yawanci da ƙafa huɗu yake tafiya. Daga rami ɗaya an karanto tafiyar da ba wanda ya gani! Sai ya leƙa haƙora: fiƙar namijin biri doguwa ce, kullum tana wasa kanta a jikin haƙorin ƙasa, tamu kuwa gajeriya.

Da wannan karatu aka tunkari ƙoƙon da Ahounta Djimdoumalbaye, ɗan Chadi a ayarin masu bincike na Michel Brunet, ya tsinta a hamadar Jurab a 2001. An raɗa masa suna Tumai, an ƙiyasta shekarunsa kusan miliyan 7. Mazaunin ƙwaƙwalwarsa bai wuce na cimfanzi ba, amma fiƙarsa ƙarama, ramin kuma ya matso gaba. Ayarin ya ce a tsaye yake tafiya, kusa da lokacin da, a lissafin masana kimiyya, zuriyarmu da ta cimfanzi suka rabu daga kaka ɗaya. Wasu masanan suka ce ba su yarda ba, kuma har gobe ana ja-in-ja a kan wani ƙashin cinya da aka samu a wurin. Ni wannan gardamar ma burge ni take, don kowa sai ya nuna hujjarsa a jikin ƙashi.

A nan gida, masanin tono kayan tarihi Thurstan Shaw ya tono wani ƙoƙo a Iwo Eleru, kusa da Akure, a 1965. Da aka sake aunawa a 2011, shekarunsa wajen 13,000 kacal, amma ƙirarsa doguwa ce mai kwantaccen goshi, irin ta mutanen da suka riga shi da dubban shekaru masu yawa.